Kurakuran da ake yi wajen auna tashin ƙwarin da ke cinye dazuzzukan fain

Babban kuskure shi ne raina fikafikan ƙwaro, wato nisan da yake iya tashi. Akwai wata tsutsa mai busar da itacen fain (wani itace mai siraran ganye kamar allura), wadda ido ba ya gani, an gano ta a Fotugal a 1999. Ba ta iya tashi, ƙwaron Monochamus mai dogayen ƙahoni ne ke ɗauke da ita, yana zuba ta a jikin lafiyayyen itace lokacin da yake gaigayar ɓawon ƙananan rassa. A 2012 Tarayyar Turai ta sa dokar sare duk fain da ke cikin mita 500 kewaye da itacen da ya kamu. Amma ƙwarin da aka yi wa alama aka sake, an sake kama wasunsu kilomitoci da dama daga inda aka sake su. Wanda ya sare mita 500 ya koma gida ya kwanta, ya yi aikin banza. Dole a baza tarkuna nesa da wurin, a riƙa duba su har lokacin tashin ya wuce.

Akwai kuma masu wuce gona da iri wajen ƙiyasta nisan tashin. A Ajantina an ɗaure matan zanzaron Sirex noctilio a jikin sanda mai juyawa don auna nisan tashinsu, wata ta yi kusan kilomita 50. Wannan ƙarfinta ne, amma a daji babu abin da ke hana ta sauka kan itace mai rauni na farko da ta shaƙi ƙamshinsa, ta huda shi, ta zuba ƙwai da funfuna da wani ruwa mai guba. Cunkoso na raunana itatuwa, shi ya sa rage shi ke da amfani sosai, muddin ba a yi shi a lokacin tashinta ba. Sara ko datse rassa a wannan lokaci kiran ta ne kawai, haka ma barin gungumomi zube a dajin.

Abin da ya fi damuna shi ne mantawa da mota da jirgin ruwa. Sirex ɗan asalin Turai da Asiya da Arewacin Afirka ne, amma ya isa Afirka ta Kudu a 1994, aka same shi a New York a 2004. Ba da fikafikai ya tsallaka teku ba, cikin katako ya tafi. Katakon ɗaura kaya sai an gasa shi har tsakiyarsa ta kai digiri 56 na ma'aunin Celsius na tsawon minti 30, kuma kada a fitar da ɗanyen gungume daga yankin da ya kamu.