Yadda Ake Koya wa Kwamfuta Tsinto Bayanai Daga Rubutun Intanet

Hanya mafi sauƙi ita ce a ba manhaja misalai kaɗan da aka tabbatar da su, ita kuma ta nemo sauran. Sergey Brin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Google, ya gwada wannan a 1998 da littattafai biyar da sunayen marubutansu. Tsarin NELL, manhaja mai karanta shafukan intanet tana tara bayanai, da Tom Mitchell da abokan aikinsa suka kunna a Jami'ar Carnegie Mellon a 2010, ya ɗora a kan wannan dabarar.

Fara da tsabtace rubutun. Cire shafukan da aka kwafa daga juna, domin labari ɗaya da gidajen jarida ashirin suka buga shaida ɗaya ce. In rubutun Hausa ne, daidaita ƙ, ɗ da ɓ, don kada manhajar ta raba "ƙasa" da "k'asa" gida biyu.

Sai ka zaɓi alaƙa guda, misali jiha da babban birninta, ka ba da misalai 10 zuwa 15: Borno da Maiduguri, Filato da Jos, Neja da Minna. Manhajar za ta tattaro jimlolin da sunayen biyu suka haɗu, ta ciro kalmomin da ke tsakaninsu, kamar "babban birnin jihar". Irin waɗannan kalmomin su ne salo, da su za ta nemo sauran jihohi da biranensu. Kada ka riƙe salon da bai kamo aƙalla uku daga misalanka ba. Sabon bayani kuma kada ya shiga rumbu sai salo biyu daban sun kawo shi daga shafuka daban.

Inda aikin ke lalacewa shi ne zagaye na gaba, domin abin da aka karɓa yau shi ne misalin gobe. Kuskure ɗaya kan haifi ɗari. NELL ya taɓa sa kukis na intanet (ƙananan bayanan da shafuka ke ajiyewa a kwamfuta, masu suna ɗaya da wani nau'in biskit a Turanci) cikin abincin da ake gasawa, daga nan ya fara ɗaukar fayilolin kwamfuta a matsayin abin ci. Maganinsa dokoki ne tun farko: jiha ba ta da babban birni biyu, abin da aka ce birni ne ba zai zama mutum ba. Ka lura da Neja da Nijar, ana yawan cakuɗa su.

Ajiye kwanan watan kowane shafi. Rubutun da ya ce Legas ce babban birnin Najeriya gaskiya ne kafin Disambar 1991.

Bayan kowane zagaye, ɗebo bayanai 50 ba zaɓe, mutum ya duba su da ido. In kuskure ya ƙaru, nemo salon da ya jawo shi, ka goge shi tare da duk abin da ya shigo da shi kafin ka sake kunna manhajar.