Kurakuran da ke nakasa magina da leburori a wuraren gini

Ka tsaya inda ake zuba dakin (rufin kankare) a Gusau ko Talata Mafara, ka dubi ƙafafun leburori. Yawancinsu silifa ce, wasu ma ba takalmi, sun nutse cikin kwaɓi har idon sawu. Wannan kuskuren ya fi kowanne yawa, kuma shi aka fi rainawa. Jiƙaƙƙen siminti yana cin fata kamar sodar wanki, amma ba ya zafi nan take. Sai an tashi aiki mutum ya ga tsakanin yatsunsa ya yi ja, bayan kwana biyu ya tsage ya zama gyambo. Gyaransa dogon takalmin roba ne da safar hannu, da bokitin ruwa mai tsabta a gefe. In ya fantsama a ido kada a murza, a yi ta kwarara ruwa na minti 20, sannan a wuce asibiti.

Ƙura ta fi ban tsoro, don ita shekaru take ɗauka kafin ta nuna kanta. Farar ƙurar da ke tashi idan ana yanka tayil ko dutse a bushe tana maƙalewa a huhu, ba ta fita. Daga baya sai tari da haki, ciwon da ba ya warkewa, kuma yana buɗe wa tarin tibi ƙofa. Mu 'yan Zamfara ba ma bukatar dogon bayani a nan. A 2010 ƙurar dutsen zinare mai gubar dalma, da ake niƙawa cikin gidaje, ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gubar daban ce, amma duk ta ƙura take zuwa. A riƙa jiƙa wurin yanka, a sa takunkumi irin N95, domin ɗaura hankici a hanci ba ya tare irin wannan ƙurar. Kayan aiki kuma a tuɓe su a can, kada a shiga gida da su a rungumi yara.

Sai gaggawar cire tokara, wato katakon da ke riƙe da sabon kankare. Kankare sai ya kwana 28 yake kaiwa cikakken ƙarfinsa, amma za ka ji ɗan kwangila na cewa, “Ai ya bushe, ku cire, muna bukatar katakon a wani wuri.” Bushewar sama ba ƙarfi ba ce. Injiniya ne zai faɗi ranar cirewa, ba kafinta ba.

Rodi tsawonsa mita 12 ne. Kafin a ɗaga shi sama a duba inda wayar lantarki ta bi, don babbar waya ba sai an taɓa ta take jan mutum ba.

A watan Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40, ga shi wasu samari na haɗiye tiramadol don kada su ji gajiya. Wallahi wannan yana ƙona min rai. Ƙwayar tana ɓoye gajiya, tana kuma sa jiri, sai dai a ga mutum ya faɗo daga kan katako. A fara aiki bayan asuba, a huta da tsakar rana, musamman da azumi.

Idan ƙusa ta soki mutum, a daina zuba man birki ko toka. Ruwa da sabulu, sai allurar tetanus a ranar.

Abin da ya fi ciwo shi ne bayan hatsari. A ce ƙaddara ce, a ba mutum kuɗin mota, shi ke nan. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta sauke nauyi daga kan mai gini. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya a asusun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, don a biya wanda ya ji rauni. Inda ginin gida ne na mutum ɗaya, to tun kafin a haƙa tushe mai gida da ɗan kwangila su yi magana a gaban shaidu kan wanda zai biya kuɗin asibiti.