Babi na 7: Haɗa Tawada daga Tsirrai da Yin Zane da Ita Tare da Fentin Ruwa

Tawadar tsirrai ba ta tsayawa a launi ɗaya. Zoɓon da ya fito ja wur a tukunya yana iya komawa ruwan hoda ko shuɗi-shuɗi a kan takarda. Abubuwa uku ne ke juya ta: tsami, kanwa da ƙarfe. Wanda ya san aikin waɗannan ukun zai iya fitar da launi biyar ko shida daga tsiro biyu kacal. A wannan babi za a koyi haɗa baƙi, ja da rawaya, da yadda ake aiki da su a takarda ɗaya da fentin ruwa, wato fentin nan na 'yan makaranta da masu zane da ake sayarwa a ƙaramin akwati, ana jiƙa shi da buroshi.

Kayan aiki

A tanadi tukunyar ƙarfen da ba ya tsatsa, ko kwano mai fenti wanda bai ɓantare ba. Tukunyar dalma da ta baƙin ƙarfe suna sauya launi tun yana kan wuta, don haka a bar su. Tukunyar da aka ware wa tawada kada a sake dafa abinci a cikinta. Sai farin ƙyalle mai tsabta don tacewa, da ƙananan kwalabe masu murfi, da kanumfari, da ƙaro.

Ruwan sama ya fi kowane ruwa. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai ɗanɗanon kanwa yana dusar da ja tun kafin a fara aiki. Kofin da ake nufi a nan shi ne kofin shayi madaidaici, cokali kuma ƙaramin cokalin shayi.

Ruwan ƙaro

Da shi ake farawa, domin kowace tawada tana bukatarsa. Ƙaro shi ke riƙe launi a jikin takarda, ya kuma ba tawada kaurin da za ta bi alƙalami ba tare da ta zube ba. Shi ɗin ne masana'antu ke zubawa a fentin ruwa, kuma daga Sudan, Cadi da Najeriya ake fitar da mafi yawansa zuwa duniya. A zaɓi ƙaron dakwara mai haske, wanda ba ɓawon itace a jikinsa. A daka shi, a auna cokali 4, a zuba masa ruwan ɗumi cokali 8, a rufe ya kwana. Da safe a motsa, a tace. Kada a tafasa shi.

Baƙar tawada ta gabaruwa

Wannan ita ce mafi daraja a cikin ukun, ita ce kuma mai daɗewa. Aikinta yana cin kwanaki, saboda haka a fara ta da wuri.

Abu biyu ake haɗawa. Na farko ruwan gabaruwa, 'ya'yan nan da majema ke jima da su. Ɗacin da ke kama harshe in an tauna gabaruwa shi ne sinadarin da ake nema. Na biyu ruwan ƙarfe. Kowannensu shi kaɗai ba baƙi ba ne, sai sun haɗu. Dukawa sun daɗe da sanin haka, domin kulokon da suke baƙanta fata da shi ruwan ƙarfe ne da ke haɗuwa da gabaruwar da ke jikin jemammiyar fata.

Don ruwan ƙarfe, a sami ƙusoshi masu tsatsa cikin tafin hannu ɗaya, a zuba a kwalba. A ƙara ruwan khal rabin kofi da ruwa kofi 1. A ɗora murfin sakwa-sakwa, kada a matse, saboda iska tana taruwa a ciki kuma kwalbar na iya fashewa. A ajiye mako 1 zuwa 2, sannan a tace. Kada a maye gurbin khal da lemon tsami: tsaminsa yana riƙe ƙarfen ya hana baƙin fitowa sosai.

Don ruwan gabaruwa, a cire ƙwallayen, a farfasa busasshen ɓawon har ya cika kofi 1. A jiƙa da ruwa kofi 3 ya kwana. Washegari a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan na kusan minti 45, har ruwan ya koma kofi 1. A tace sau biyu. Zai fito ruwan ƙasa, kuma a haka ma launi ne mai kyau na zanen ƙasa da gini, don haka a ɗebi kaɗan a ajiye daban.

Wajen haɗawa ne ake bukatar haƙuri. A zuba ruwan gabaruwa rabin kofi a kwalba, a ɗiga ruwan ƙarfe rabin cokali, a motsa, a ja layi a takarda. Kada a yanke hukunci nan take. Layin yakan fito toka-toka, sai iska ta buge shi na 'yan mintuna ya yi duhu, washegari kuma ya ƙara. In bayan minti 10 bai yi baƙi ba, a ƙara rabin cokali a sake gwadawa. Da zarar baƙin ya daina ƙaruwa, a tsaya. Masu gaggawa sukan ci gaba da zuba ƙarfe, su ga kamar tawadar za ta ƙara ƙarfi. Akasin haka ke faruwa. Ƙarfen da ya yi yawa yana mayar da rubutu ruwan tsatsa bayan wani lokaci, yana kuma cin takarda har ta riƙa ɓulewa a kan layin. Gara gabaruwa ta rinjaya. Daga ƙarshe a zuba ruwan ƙaro cokali 2 da kanumfari ƙwaya 2.

Wannan tawada ta bambanta da tawadar allo ta gawayi da ƙaro. Ta allo tana zama ne a saman abin da aka rubuta, ruwa na wanke ta, kuma don haka aka yi ta. Ta gabaruwa tana shiga cikin takarda ta kama. In ta bushe sosai, ana iya bi ta kanta da buroshi mai ruwa ba ta damalmale ba, sai dai in ƙaro ya yi mata yawa.

Ja daga zoɓo

A zuba busasshen zoɓo mai duhu kofi 1 a ruwa kofi 2. A dafa a wuta kaɗan na minti 30. Kada a bari ya yi ta ɓararraka, zafi mai yawa yana mayar da jan ruwan ƙasa. A tace, a matse, a mayar da ruwan kan wuta har ya koma rubu'in kofi. Wannan ƙafewar ita ce bambancin tawada da abin sha. Wanda ya tsallake ta zai ga launi mai kyau a kwalba, amma a takarda da ƙyar a gan shi. In ya huce a sa ruwan ƙaro cokali 1 da kanumfari 1.

A gwada a takarda. Sau da yawa zai hau ja, yana bushewa yana komawa shuɗi-shuɗi. Ba tawadar ce ta lalace ba. Yawancin takardun zamani akwai alli a jikinsu, kuma alli yana yi wa zoɓo irin aikin kanwa. Mai son jan ya tsaya sai ya ɗiga lemon tsami ɗigo 3 zuwa 5 a cikin cokali ɗaya na tawadar. Mai son shuɗi-shuɗi ko kore mai duhu sai ya narka 'yar kanwa a ruwa, ya ɗiga ɗigo ɗaya-ɗaya. Kanwa ta yi yawa, launin ya mutu ya koma ruwan toka, kuma ba ya dawowa yadda yake. A riƙa yin waɗannan gauraye a murfin kwalba ko faranti, gwargwadon abin da za a yi aiki da shi a ranar, a bar uwar kwalbar yadda take.

Karan dafi ma yana ba da ja mai ratsin ƙasa. Shi kuwa yana son 'yar kanwa kaɗan a ruwan dahuwa kafin ya saki launinsa.

Rawaya

Busasshen ɓawon albasa cikin tafin hannu 2, ruwa kofi 2, minti 40 a wuta, a tace a ƙafar da shi kamar na zoɓo. A jefa alif, irin wanda ake sa wa ruwa don ya kwanta, kwatankwacin ƙwayar gero 3 ko 4, sai rawayar ta ƙara haske. Ɗigon ruwan ƙarfe kuma yana mayar da ita kore mai duhu, launin ganyen da ya fara tsufa. Gangamau yana da rawaya mai ɗaukar ido, amma ba ya narkewa sosai a ruwa kuma rana tana cinye shi cikin 'yan kwanaki, saboda haka bai dace da aikin da za a ajiye ba.

Kada a ɓata lokaci wajen matse ɗanyen ganye don neman kore. Yana bushewa zai koma ruwan ƙasa. Shuni kuma ba ya narkewa a ruwa, rininsa a karofi wani ilimi ne daban. Tsantsar kore da shuɗi a ɗauko su daga akwatin fentin ruwa.

Aiki da su a takarda ɗaya

Fentin ruwa gari ne mai laushi da ƙaro ya riƙe, yana kwanciya a saman takarda. In an yi kuskure, ana iya jiƙa wurin a ɗauke shi da ƙyalle. Tawadar tsirrai rini ce, tana nutsewa cikin takardar, inda ta taɓa ta zauna ke nan. Daga nan tsarin aikin ya fito.

A fara da layin baƙar gabaruwa, da alƙalamin kara. Alƙalami mai bakin ƙarfe yana tsatsa a cikinta. A bar layin ya kwana. In an shafa zoɓo ko ruwan albasa a kansa tun bai gama kamawa ba, ƙarfen zai malala cikin launin ya bar dabbare mai duhu a gefen layin. Washegari a shimfiɗa tawadar tsirrai a manyan wurare, kamar ƙasa, katanga ko riga. A fara da mai ruwa-ruwa, in ta bushe a maimaita sau 2 ko 3 har ta kai duhun da ake so. Fentin ruwa shi ke zuwa ƙarshe, don ganye, sararin sama, inuwa da ƙananan ado. In aka juya tsarin, jiƙar tawadar za ta tayar da fentin da ke ƙasa, launukan su cakuɗe su yi dauɗa.

Kada a gauraya tawada da fenti a cikin akwatin fentin. Tsamin zoɓo yana dusar da shuɗin da ake rubuta Ultramarine a jikinsa, tawadar kuma tana iya jawo wa fentin fumfuna. Mai son ya ga sun shiga juna a takarda, ya gwada a gefe tukuna.

Baƙar tawada ta sami buroshinta da kofin wankinta ita kaɗai. Ragowar ƙarfe kaɗan a gashin buroshi ya isa ya baƙanta kwalbar rawaya gaba ɗaya. A ba ta buroshi mai araha, domin tana busar da gashi, a kuma wanke shi da zarar an gama.

Takardar littafin rubutu tana lanƙwashewa, tawada ta ɓulla ta bayanta. A nemi takardar zane mai kauri, wadda aka rubuta 300 a jikin fakitinta, ko aƙalla farin kwali. A manne gefunanta huɗu a jikin katako kafin a jiƙa. Lokacin hunturu tawada tana bushewa kafin a kai ƙarshen shafi, sai ta bar layi-layi. Maganinsa a ɗan shafa wa wurin ruwa zalla tukuna, ko a sa ɗigon zuma ɗaya a cikin cokali 2 na tawada. Da damina a bar zumar, aikin ba zai bushe ba kuma tururuwa za su bi shi.

In tawada ta bushe tana ƙyalli tana tsattsagewa, ƙaro ya yi yawa, a ƙara ruwan tsiron. In tana bazuwa a gefen layi ko tana gogewa da yatsa, ƙaro ya yi kaɗan.

Ajiya da gwajin rana

A tafasa kwalabe kafin a zuba tawada, a ajiye su a wuri mai sanyi da duhu. Ta zoɓo da ta albasa ba sa wuce 'yan makonni a lokacin zafi, don haka a riƙa haɗa kaɗan-kaɗan. In fumfuna ta fito a sama, a kwashe, a tace, a ɗan ɗumama a sauya kwalba. In ta yi wari ko yauƙi, a zubar. Ta gabaruwa tana yin watanni, sai dai a girgiza ta kafin aiki. A rubuta suna da kwanan wata a jikin kowace kwalba, a kuma ɗaga su inda hannun yara ba ya kaiwa. Tawadar zoɓo kamanninta ɗaya da abin sha, ruwan ƙarfe kuwa yana da haɗari ga yaro in ya sha.

Kafin a sayar da zane ko a ba da shi kyauta, a san launin da zai jure. A ja faffaɗan layi na kowace tawada a takarda ɗaya, a rubuta sunanta a ƙasa. A rufe rabin takardar da kwali, a ajiye a taga inda rana ke bugawa na mako 2, sannan a buɗe a kwatanta. Gangamau zai kusa ɓacewa, zoɓo zai dushe sosai, albasa mai alif za ta ɗan jure, gabaruwa kuwa da wuya a ga bambanci. Zanen da zoɓo ya yi yawa a cikinsa a ajiye shi cikin littafi ko ɗakin da rana ba ta shiga, a kuma ɗauki hotonsa da waya ranar da aka gama shi.

Aikin aji

Kowa ya zo da takarda mai gida 12. A jere na sama a shafa zoɓo, na tsakiya ruwan albasa, na ƙasa ruwan gabaruwa. Gida na farko a kowane jere a bar shi zalla, na biyu a ɗiga masa lemon tsami, na uku ruwan kanwa, na huɗu ruwan ƙarfe. A rubuta abin da aka sa a ƙarƙashin kowane gida, a zo da takardar mako mai zuwa tare da akwatin fentin ruwa.