Matakan Binciken Maudu'i Domin Aikin Makaranta

Ɗalibai sun sha tambayata ta ina ake fara bincike idan malami ya ba da aiki. Ga matakan:

1. Karanta tambayar sau biyu, har ka gane abin da ake nema.
2. Taƙaita maudu'in ya zama tambaya ɗaya.
3. Nemi littattafai a laburare.
4. Duba muƙalun masana a Google Scholar, wato shafin intanet na neman rubuce-rubucen ilimi.
5. Tantance marubuci da shekarar bugawa kafin ka amince da kowane rubutu.
6. Rubuta abin da ka fahimta da kalmominka. Hattara: a nan ake yawan kuskure, domin kwafar maganar wani ba tare da ambaton sunansa ba satar fasaha ce, kuma tana iya sa a soke aikin baki ɗaya.
7. Rubuta lambar shafi nan take, tun littafin yana buɗe a gabanka. Neman ta ranar miƙa aiki akwai wahala.