Ga masu rikita kamantawa da siffantawa

'Yan uwa ɗalibai masu shirin jarrabawar Hausa, in an ba ku baiti aka ce ku fito da adon harshe, ku fara laluben kalmomin nan: kamar, tamkar, awa, sai ka ce. Kun ga ɗaya, to kamantawa ce. "Ya fi" da "bai kai" ma nan suke, fifiko da gazawa, kuma a nan da yawa ke zubar da maki. In mawaƙi ya kira sarki giwa kai tsaye, siffantawa ya yi. Ya ba shi haure ko gurnani kuwa, dabbantarwa ce. Yunwa ta ƙwanƙwasa ƙofa, mutuntarwa ke nan. Don Allah ku riƙa kawo layin da kuka gani a amsarku, suna kaɗai ba ya wadatarwa.