Darasi na Shida: Farin Ruwan Khal da Tsaftar Gida

Farin ruwan khal, wanda wasu ke kira binega, ruwa ne garai mai tsami da ake sayarwa a kwalba a kantuna da kuma Kasuwar Taminus a nan Jos. Kusan kashi 5 cikin 100 na abin da ke cikin kwalbar sinadarin tsami ne, saura kuwa ruwa ne zalla, kuma wannan ɗan tsamin shi ke yin dukkan aikin.

Duk mai dafa ruwan rijiya ko na burtsatse ya san farin ɓawon nan da ke kama gindin butar shayi, wanda komai gugar soso ba ya sakinsa. Ma'adinan da ke cikin ruwan ne suke daskarewa idan sun ji wuta, kuma sabulu ba ya narkar da su, amma tsami yana narkarwa. Sai a zuba kofi ɗaya na khal da kofi ɗaya na ruwa a cikin butar, a tafasa, a sauke a bar ta kamar rabin sa'a, za a ga ɓawon yana ɓarewa da kansa yana zama a ƙasa. Daga nan a ɗauraye sosai, a sake tafasa ruwa zalla a zubar, don kada warin ya shiga shayi. Bakin famfo da ya yi fari ma haka ne: a jiƙa tsumma da khal a naɗe masa, bayan awa ɗaya a goge.

Lokacin hunturu, idan ƙura ta rufe gilashin taga, a fara kakkaɓe ta tukuna, sannan a goge da khal da ruwa rabi da rabi.

Akwai inda ba a kai shi ko kusa. Haɗa khal da bilic irin su Hypo ko Jik haɗari ne babba, domin suna fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu, musamman a banɗaki mai ƙaramar taga. Ba a kuma zuba shi a daɓen terazo ko mabul, saboda tsamin yana cin dutsen har ƙyallinsa ya dushe. Haɗa shi da kanwa asara ce kawai, domin kowanne yana kashe ƙarfin ɗan'uwansa.

A kuma sani cewa khal ba ya kashe dukkan ƙwayoyin cuta, don haka wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyen nama ko kaza a kai, sai an wanke su da sabulu da ruwan zafi.