Sauka da igiya a magangarar ruwa: inda 'yan koyo suka fi yin kuskure

A gandun Zion da ke jihar Utah ta Amurka akwai wani ɗan matsattsen kwazazzabo da ake kira Keyhole. Gajere ne, sauka uku kacal ake yi da igiya, mafi tsawonsu bai wuce mita 9 ba, shi ya sa ake yawan kai sababbin shiga can. Ranar 14 ga Satumba 2015 ambaliya ta ritsa da mutum 7 a cikinsa, ba wanda ya fita da rai. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Kuskuren farko ke nan, kuma tun daga gida ake yin sa: a ji an ce wuri na 'yan koyo ne, sai a saki jiki.

Sauƙin da ake faɗa na ranar da ruwa ya yi ƙasa ne. Duk wanda ya taɓa ganin busasshiyar korama ta cika ta batse alhali ko yayyafi ba a yi a garinsu ba, ya san zancen. Haka ta faru a rafin Saxetenbach na Suwizalan ranar 27 ga Yuli 1999: aka yi ruwa a kan tudu, ya gangaro ya halaka mutum 21. Saboda haka hasashen yanayin da za ka duba na duk yankin da ke zuba cikin rafin ne. In hadari ya taso, a fasa. In kuna ciki ruwa ya fara gurɓacewa, ko ya fara kawo ganye da ƙirare, ku haye tudu nan take, kada a tsaya naɗe igiya.

Sai abin da ya fi ruɗa waɗanda suka koyi igiya a busasshen dutse. A can an koya maka ƙulla ƙarshen igiya don kada ka zame ka fice, da ɗaura ƙaramin ƙullin da ke damƙe igiya idan hannu ya kuɓuce. Duka biyun daidai ne a busasshen wuri. A ƙarƙashin ruwa mai ƙarfi kuwa, su ne ke kisa. Ƙaramin ƙullin nan yana iya cijewa a tsakiyar magangara, ruwa na dukan kanka, ba gaba ba baya, numfashi ya gagara. Ƙullin ƙarshen igiya kuma ya hana ka rabuwa da ita a cikin gurbin da ke ƙasa, inda ruwa ke juyawa yana mai da mutum gindin magangara. Igiyar da ta yi tsawo fiye da kima ita ma tana naɗe ƙafa a cikin ruwan.

Gyaran shi ne a auna igiya ta tsaya daidai saman ruwa, ba ƙulli, ta yadda kana isa za ta zare da kanta daga ƙarfen sauka, wato ƙarfen da igiya ke bi ta cikinsa yana rage maka gudu, ka yi iyo ka bar wurin. A sama kuma a ɗaura ta da ɗaurin da ake iya sassautawa ko da mutum yana rataye, domin in wani ya maƙale jagora ya zuro shi ƙasa. Wannan ba abin koyo a waya ba ne. Ni dai a ganina, ayarin da ba shi da mutum ko ɗaya da hannunsa ya saba da wannan ɗauri, bai kamata ya shiga rafi mai gudu ba, komai gajartarsa.

Tsayuwar jiki ma tana ba da wahala. Tsoro kan sa ɗan koyo ya miƙe ya rungumi dutse, ga gansakuka mai santsi kamar kuɓewa, sai ƙafa ta zame, gwiwa ko fuska ta sha dutse. Ka jingina baya ka zauna cikin ɗamarar ƙugu, ka ware ƙafafu, tafinsu a shimfiɗe kan dutse. Hannun da ke riƙe da igiya ta ƙasan ƙarfen sauka shi ne birkinka. Ko ka zame, ko ruwa ya shige maka hanci, ba a sakin sa. Kada ka ɗaga kai ka kalli ruwan, ka sunkuyar, bakin hular kwano zai bar maka ɗan sararin numfashi. Dogon gashi, gemu, bakin riga da igiyar jaka kuwa, a tattare su tun a sama, don ƙarfen sauka yana haɗiye duk abin da ya samu.

Tufafi: auduga in ta jiƙe ba ta riƙe ɗumi, ruwa kuma yana zuƙe zafin jiki ninki kusan 25 fiye da iska. A Keyhole ko a tsakiyar zafi ruwan sanyi ne kamar ƙanƙara, don rana ba ta kai masa. A sa rigar roba ta masu ninƙaya. Wanda sanyi ya kama yatsunsa ba sa iya buɗe ƙugiyar da ke haɗa shi da igiya.

Ihu ba ya aiki a gindin magangara. A rataya usur, a kuma yi yarjejeniya kan ma'anar kowace busa kafin a shiga. Galibi busa ɗaya tana nufin tsaya.

Tsalle cikin gurbi shi ke karya idon sawu da gadon baya. Gurbin da aka yi tsalle bara, ambaliyar bana tana iya cika shi da tsakuwa ko ta ajiye gungume a ciki. Mutum ɗaya ya fara sauka da igiya ya laluba zurfin tukuna.

Kafin na ƙarshe ya sauko, na ƙasa su gwada jan igiya su ga tana tahowa, a kuma warware murɗewarta. Idan ta maƙale bayan kowa ya sauka, ga wata magangara a gaba, ba hanyar komawa sama. Shi ya sa ake riƙe igiya ta biyu, a jakar wani dabam.